Abokin Hulɗarmu na Musamman

Shekara talatin da ɗaya Sitokifa ya yi yana riƙe da makullan sito a kamfanin sabulu, kuma a tsawon shekarun nan ba a taɓa kiran sunansa a gaban jama'a ba, in ka cire ranar da aka neme shi a lasifika ya zo ya ɗauke kekensa daga inda manaja ke ajiye mota. Ana ba wasu lambar yabo, ana tura wasu kwas, shi yana can bayan kanta da biro a kunne yana cewa, "Kawo takarda." Ba ya sata, wannan kam a ba shi haƙƙinsa. Amma kafin ka karɓi ko tsintsiya a hannunsa sai ka ji kamar ka yi kuka. In ka zo neman safar hannu sai ya tambaye ka ina tsohuwar, in ka kawo tsohuwar ya juya ta gaba da baya ya ce ai wannan da sauranta. Ranar da ya ajiye aiki aka ba shi agogon bango. Da ya isa gida ya tarar ba batir a ciki, ya kuma tarar an rubuta "Ga Direbanmu" a bayansa, domin kwalin wani aka miƙa masa. Bai mayar ba. Ya ce kayan da suka riga suka shigo, sun shigo. Ya sayi batir ya rataye shi a falo.

Abu guda ne a duk rayuwarsa ya riga kowa, shi ne sa kebul. Shekarar da kamfanin kebul ya ja waya ya shigo unguwar, mutanen layin na ta tsaye-tsaye suna tambayar ko abin yana cin wuta, Sitokifa ya je ya dawo da dikoda, akwatin kama tashoshi, a bayan keke, a ɗaure da igiyar roba. Daga wannan makon falonsa ya zama majalisar layin. Duk Asabar da yamma sai ka ga takalma sun taru a bakin ƙofarsa. Ga Kafinta da garin katako a gashinsa, ga Mai Aski wanda almakashinsa kan huta amma bakinsa ba ya hutawa, ga tsohon Maigadi da ke rama barcin shekara arba'in na bakin get a duk inda ya sami jingina, da wasu da dama masu zuwa su tafi.

Sai dai kallo a falon Sitokifa tamkar karɓar kaya ne a sitonsa. Rimot yana cikin leda an naɗe shi da salatif, kuma hannu ɗaya ne ke taɓa shi. Doguwar kujera ma tana nan da ledarta ta kanti, in ka zauna da zafi sai ka tashi da ƙara. Kowa da wurin zamansa, wanda ya yi latti ya tsaya. In ƙungiyar da maigidan ba ya so ta zura ƙwallo, sai ya ce dikoda ta yi zafi, a kashe ta ta huta minti goma. Mutane suna haƙuri ne saboda ba su da wani wurin zuwa. Shi kuwa ya ɗauka ƙaunarsa ce ke kawo su.

A zamanin ne wani siririn saurayi mai sayar da magani a ɗan shagon bakin titi yake neman auren ƙanwar Sitokifa. Ranar wani babban wasa ya zo da gaisuwarsa, ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce, "Yaya, ko zan ɗan raɓa in kalla?" Akwai kujera guda ba kowa a kanta sai hular Sitokifa. Sitokifa ya dubi kujerar, ya dubi saurayin, ya ce, "Falon ya cika." Bawan Allah ya zagaya ta waje ya tsaya a taga, ya kalli wasan a tsaye da hannu a kan ƙarfen tagar, har da ƙarin lokaci. Bai fasa auren ba. Yau shi ne Mai Kemis, shagonsa ƙofa uku, gidansa kuma daidai tsallaken layi, taga tana kallon taga.

Tafiya ta yi tafiya, kamfanin kebul ya ƙara wayo. Ya raba tashoshinsa gida biyu, ƙaramin tsari da babban tsari. Ya kwashe ƙwallo da manyan finafinai da duk abin da ido ke so ya kai sama, ya bar wa na ƙasa labarai, da tashar wasan kwaikwayo guda ɗaya, da wata tashar da wani mutum mai farin haƙori ke wuni yana tallar injin markaɗe. Sitokifa ya tsaya a ƙasa. Ya ce babban tsari almubazzaranci ne, kuma shi mutum ne mai tsari tun kafin kamfanin ya san kalmar. Mai Kemis ya hau sama, ya sayo talabijin mai cin rabin bango. Ba a yi wata biyu ba takalman suka ƙaura. Ba wanda ya yi sallama. Kafinta ne ya fara cewa zai je sayen maganin mura, bai dawo ba sai da aka tashi wasa, mako na gaba kuma mura ta kama kowa.

Mai Kemis bai taɓa fasa ladabi ba. Duk Asabar sai ya tsallako ya ce, "Yaya, a zo a yi kallo mana." Duk Asabar Sitokifa sai ya ce yana da abin yi. Ya rantse wa matarsa, wadda layin ke kira Tela saboda keken ɗinkinta da ke ɗakin baya, cewa ƙafarsa ba za ta taka falon yaron nan don kallo ba, ko da za a haska ranar da aka haife shi. Ya sa ta ɗinka labule mai kauri ta rataya a tagar da ke kallon tsallake. Shekara shida ke nan. Abin yin nasa kuwa shi ne ya zauna shi kaɗai a kan leda, mai farin haƙori yana markaɗa karas, ihun "ta shiga!" yana ratso labulen yana samun sa har cikin ƙirji. Yana jin ciwon abin ƙwarai, kuma ba ƙwallon ce ta dame shi ba. Takalman yake so su dawo bakin ƙofarsa.

Saƙon ya shigo wayarsa wata Asabar da ƙarfe biyar na yamma. Ya ji ƙararsa, amma tabaransa na wurin gyara, hannu ɗaya ya karye, shi kuma ba ya yarda kowa ya karanta masa saƙo, wai sirri, sai ka ce akwai mai turo masa wani abu ban da talla. Sai Litinin da safe ya karɓo tabarau, ya zauna, ya gyara zaman gilashin a kan hanci, ya buɗe.

"Abokin hulɗarmu na musamman, saboda daɗewarka tare da mu, mun buɗe maka dukkan manyan tashoshi kyauta har kwana goma sha huɗu. Ɗanɗana ka ji!"

Sau uku ya karanta. A na ukun sai da ya cire tabarau ya goge ido. Na musamman. Shekara sittin da 'yan kai a duniya, daga malamin makaranta har manaja, kai har wanda ya haife shi, ba wanda ya taɓa haɗa shi da wannan kalma. Ya ɗauki rimot, ya danna lambar da ya daina dannawa tun da ta fara nuna masa hoton kwaɗo a rufe, sai ga koren fili ya cika allon.

To, kamfanin kebul ba gidan sadaka ba ne. A wannan shekarar ne ya koyo dabarar: in an kusa wasan ƙarshe sai ya buɗe ƙofa, ya bari ƙamshin ya cika maka hanci, ka saba, iyalinka su saba, sannan ya rufe daidai lokacin da ka miƙa hannu, don ka ruga ka koma babban tsari. Saƙon kuma na'ura ce ta watsa shi ga duk lambar da ke cikin rajistarsu, wanda ya shekara ashirin da wanda ya sa kebul shekaranjiya, mai rai da wanda ya riga mu gidan gaskiya ba a goge lambarsa ba. Layin nan kaf 'yan musamman ne. Mutum ɗaya ne kawai bai sani ba.

Amma kada a ce Sitokifa wawa ne gaba ɗaya. Ya ga kwana goma sha huɗun da idonsa, kuma ya zauna ya ƙirga. Sai dai ƙirgar sito ya yi. A sito kaya ba sa fara kwana daga ranar da aka turo su, sai daga ranar da suka shigo hannun mai sito ya duba ya sa hannu. Shekara talatin da ɗaya yana faɗa da direbobi a kan wannan doka, bai taɓa sha kaye ba. Saƙo ya shigo hannunsa Litinin, saboda haka Litinin ce rana ta ɗaya. Ya sauko da kalanda ya bi ta da biro. Wasan kusa da na ƙarshe, kwana na shida. Wasan ƙarshe, Asabar ta sama, kwana na goma sha uku. Har da rarar kwana guda. Daga nan kakar wasa ta ƙare, wata uku ba ƙwallo, kafin a dawo ya san yadda zai gyara zancensa.

Domin zance ya shirya, ba ƙarami ba. Ya tafi shagon masu kwamfuta ya sa aka buga masa saƙon a farar takarda da manyan baƙaƙe, ya ce a tsaya a kan "kyauta" a sa ɗigo. Kwana goma sha huɗu da ɗanɗano suka zube a hanya. Daga can ya wuce wurin Kafinta.

"Firam nake so. Mai gilashi."

Kafinta ya karɓi takardar ya karanta, ya ɗaga kai ya dube shi, ya sake karantawa. Wayarsa na aljihun gaba, da saƙon a cikinta tun Asabar.

"Ikon Allah," in ji Kafinta. "Kai kaɗai?"

"To da wa? Shekara nawa ina tare da su? Kamfani ai yana da rajista, ya san nasa."

"Har zuwa yaushe ke nan?"

"Har abada mana. Ka taɓa ganin an ba mutum girma an dawo an karɓe?"

Kafinta ya sunkuyar da kai yana auna takardar, kafaɗunsa suna ɗan motsi. Ya ce garin katako ne ya shaƙe shi. Kafin rana ta faɗi labari ya zaga layin, Mai Aski ya raɗa masa sabon suna, Na-Musamman. Sitokifa ya amsa sunan da fara'a, har yana ɗaga hannu.

A gida Tela ta yi nata ƙoƙarin. Matan da ke kawo mata ɗinki ba su da hira a makon sai ta sababbin tashoshi. Ta tarar da shi a tsaye kan kujera yana buga ƙusa a ƙarƙashin agogon direba.

"Malam, matar Mai Aski fa ta ce su ma a gidansu..."

"Su ma a gidansu me? Hassada ta fara ke nan."

"Ba hassada ba ce. Ka dai bari in ƙarasa."

"Ke, koma kan kekenki. Wannan magana ce tsakanina da kamfani."

Ta dube shi, ta dubi firam ɗin da ya karkace, ta koma kan kekenta. Zaman shekara talatin da biyar ya koya mata cewa mijinta ba ya karɓar magana sai da takarda.

Daga ranar ba ta sake ganin wasan kwaikwayonta na yamma ba. Sitokifa ba ya barin kaya su lalace a sito, tun da an buɗe tashoshi ɗari da wani abu, dole a kalle su duka. Yana karyawa zai zauna. Ya kalli kifaye suna iyo har awa biyu. Ya kalli waɗansu dattawa suna bin ƙaramar farar ƙwallo da sanda a kan ciyawa, ba gudu ba ihu. Ya kalli motoci suna zagaya wuri ɗaya har jiri ya kama shi. Ya kalli fim da yaren da bai san ko na wace ƙasa ba ne, ya kuma leƙa ɗakin baya ya yi wa Tela bayaninsa. Idanunsa suka yi ja, abinci ma a gaban allo yake ci. Ƙofar falo a buɗe, murya a sama, don masu wucewa su ji.

Asabar ta farko takalman suka dawo. Ya fita sau biyu da sunan duba waya, don kawai ya ƙirga su, ya sami ƙafa goma sha ɗaya. Mutumin da ruwan sanyi ma sai ka roƙa a gidansa, ranar ya aika aka sayo lemo da gyaɗa. Duk wanda ya shigo sai ya tsaya gaban firam ya karanta da ƙarfi, da murya irin ta masu labarai.

"Na-Musamman, ka sa mana baki a wurin kamfanin nan mana," in ji Mai Aski. "Ko mu ma a duba mu."

"Ba haka ake yi ba," in ji Sitokifa. "Daɗewa ake yi, da riƙon amana. Ku ci gaba da haƙuri."

"To, za mu yi haƙuri."

Gwiwar hannu ta zunguri haƙarƙari daga wannan kujera zuwa waccan. Su ma dai ba wani abin kirki ba ne. Sun sha lemonsa, sun ci gyaɗarsa, sun watsar da ɓawon a ƙarƙashin kujera, cikin mutum goma sha ɗaya ba wanda ya ja shi gefe ya faɗa masa gaskiya. Shi kuma tsofaffin dokoki suka dawo da ƙarfinsu, har da kashe dikoda ta huta. Amma a ranar ya yi farin ciki na gaske. Da masu jar riga suka zura ta biyu ya yi wata dariya da ta kai har ɗakin baya, Tela ta tsayar da keke ta saurara. Rabon da ta ji wannan dariyar shekara shida. Ta yanke wa kanta ba za ta sake cewa komai ba.

Bayan an tashi Mai Kemis ya tsallako. Ya tsaya a bakin ƙofa da furfurarsa da tumbinsa, ya rusuna kamar yadda ya saba.

"Yaya, an ce an sami ƙaruwa. Allah ya sanya alheri."

"Amin. Ka ga abin da daɗewa ke jawowa. Wani abin ba a kanti ake samun sa ba."

"Haka ne, Yaya. Sai dai, ka duba ranar da saƙon ya shigo kuwa? Su mutanen nan daga lokacin da suka tura suke..."

"Ni za ka koya wa duba rana? Kana rarrafe ina karɓar kaya." Ya gyara zama, ya ji zuciyarsa ta yi faɗi. "Ka zo Asabar, wasan ƙarshe. Zan ajiye maka kujera a gaba, ka ga yadda ake karɓar baƙo."

Mai Kemis ya rusuna. "To, Yaya. Zan zo."

Da ya tafi Sitokifa ya sake sauko da kalanda ya ƙirga, ya sake samun goma sha uku, hankalinsa ya kwanta.

Asabar ta zo. Tun da hantsi ya aro kujerun roba, ya cika bokiti da lemo da ƙanƙara, ya sa rigar da ya sa ranar da ya ajiye aiki. Ƙarfe huɗu da rabi falo ya cika har ƙofa. Mai Kemis yana kujerar gaba, hannuwa a kan gwiwa. Maigadi ya sami kusurwa ya jingina, kafin masu sharhi su gama jera sunayen 'yan wasa ya yi nisa.

Sitokifa ya lura da wani abu da ya ƙara masa daɗi, mutane ba sa kallon talabijin sosai, bango suke kallo. Ya ɗauka firam ɗin ne. Agogon da ke samansa suke kallo. Ya kuma lura ba wanda ya jingina, kowa na bakin kujera, Kafinta ma bai cire takalmi ba sai da aka yi masa magana. Ya ce a ransa zumuɗin wasa ne.

Biyar saura kaɗan 'yan wasa suka jeru, masu jar riga da masu fara. Aka jefa kwabo, kowa ya kama wurinsa. Alƙalin wasa ya duba agogon hannunsa, ya kai usur baki, ya cika kumatu. Allon ya zama shuɗi. A tsakiyarsa ga kwaɗon nan, tsohon abokin zama, a ƙarƙashinsa an rubuta: "Ɗanɗano ya ƙare. Domin ci gaba da kallo, koma babban tsari."

"Iska ce," in ji Sitokifa. Ko ganye ba ya motsi a waje. "Waya ce ta goce, yanzu zai dawo."

Ya durƙusa a bayan talabijin da rigarsa ta ado, ya zare waya ya hura ya mayar. Ya mari dikoda. Ya kashe ya kunna. Da abin ya ƙi, ya sa haƙori ya yage salatif na shekara ashirin, ya zare rimot daga leda, sabo fil kamar yau aka ƙera shi. Ya danna, kwaɗo. Ya danna, kwaɗo. Ya sake dannawa, sai ga mai farin haƙori yana yi masa murmushi da karas a hannu.

"Kuskure ne!" Muryarsa ta tashi ba da saninsa ba. "Da sauran kwana ɗaya! Yau goma sha uku!"

Kowa ya juyo ya dube shi.

"Goma sha uku na me, Na-Musamman?" in ji Mai Aski a hankali. "Ba har abada ba ne?"

Dariyar da aka yi kwana goma sha biyu ana dannewa ta ɓalle gaba ɗaya. Mai Aski ya zaro wayarsa ya miƙe tsaye ya fara karantawa, "Abokin hulɗarmu na musamman, saboda daɗewarka tare da mu," alhali wata huɗu ke nan da ya sa kebul. Kafinta ya ɗaga tasa. Na bayansa ya ɗaga tasa. Wayoyi suka cika sama, kowace da saƙon, kowace da Asabar ƙarfe biyar a ƙarƙashinsa.

"Har babana an turo wa," in ji wani daga bakin ƙofa. "Shekararsa uku a kabari."

"Ya isa haka," in ji Mai Kemis. Bai ɗaga murya ba, amma aka yi shiru. Ya miƙe ya rusuna. "Yaya, an fara wasa. Mu tsallaka. Na bar talabijin a kunne, na ajiye maka kujera a gaba."

Sitokifa yana durƙushe da rimot tsirara a hannu. "Ka bar ta a kunne. Ka sani ke nan."

"Na yi ƙoƙarin faɗa maka, Yaya."

"Ai shi ya ce mu riƙa zuwa tun farko," in ji Kafinta, yana ɗaure takalmi a bakin ƙofa. "Ya ce ka daɗe kai kaɗai, mu zo mu ɗebe maka kewa."

Wannan ta fi dariyar zafi nesa ba kusa ba. Dariya zai iya ɗauka, ya sha ta a bayan kantar sito. Amma ashe takalman ma aro ne, kamar kujerun roba, kuma daga hannun wanda ya taɓa tsayarwa a taga.

"Ku je," in ji shi. "Ina da abin yi."

Ba su jira ya maimaita ba. Kowa ya fita da lemonsa a hannu, wasu da biyu. Mai Kemis ne na ƙarshe. Ya ɗan tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Kujerar tana nan, Yaya," sannan ya tsallaka.

Tela ta fito daga ɗakin baya. Ta tattara kwalabe, ta tsince ledar da ya yage, ta zare rimot daga hannunsa, shi kuma ya sakar mata. Ta nemo wasan kwaikwayonta ta zauna. Matar da ta bari kwance a asibiti a cikin wasan har ta warke ta yi aure. Daga tsallake wani ihu ya taso, Maigadi ya farka a firgice a kusurwarsa.

"Wa ya ci?" Ya dubi kujerun. "Har an tashi ne?"

Tela ta nuna masa tsallake da haɓa. Ya miƙe, ya ja takalmansa, ya tafi. Su ne ƙafa ta ƙarshe a bakin ƙofar.

Waya ta yi ƙara a aljihun Sitokifa. Ya gyara tabarau ya buɗe. "Abokin hulɗarmu na musamman, muna fatan ka ji daɗin ɗanɗano." Ya daɗe yana kallon saƙon.

"Malam, a sauke firam ɗin?" in ji Tela.

Wani ihun ya sake tasowa, wannan karon mai tsawo, har da buga kujeru. Ya miƙe, ya ce zai duba wayar da ke bin bango. Ya je ga labulen nan mai kauri, ya ɗaga gefensa da ɗan yatsa. Labulen Mai Kemis a rabin rufe yake, kwatan allon kawai ake gani, koren fili da ƙafafu suna shiga suna fita. Ya tsaya yana bin ƙafafun da ido. Can bayan 'yan mintoci wani hannu ya janye labulen can gaba ɗaya, mai hannun bai leƙo ba. Sitokifa ya san hannun. Yanzu ga allon duka, ga kawunan mutane jere, ga kujera guda a gaba ba kowa a kanta.

Kunya ta kama shi har wuya, ya san ya kamata ya saki labulen. A bayansa ya ji Tela ta rage muryar wasanta. Gwiwoyinsa suka fara ciwo, ya kama ƙarfen tagar da ɗaya hannun. Wasan ya kai har ƙarin lokaci yana nan a tsaye, kuma har aka hura usur na ƙarshe ba wanda ya zauna a kujerar.